An canja min kunamar bindiga, sefti ya yi laushi, lafiya kuwa?

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga saƙonka tun jiya da magariba amma gosulo ya riƙe mu a Ketu har bayan isha'i, kuma wannan ba irin tambayar da ake amsawa a cikin danfo ba ce, shi ya sa na bari sai da safen nan. Abin da ka ce shi ne kana da bindigar farauta ƙirar Mauser, da lasisinka, wadda kake tafiya da ita gona can wajen Epe, kunamarta ta asali ta yi nauyi tana jan ƙafa kafin ta tashi, ka sayi sabuwa wajen dila aka saka maka, yanzu harbi ya yi daɗi, sai dai sefti ɗin, wato makullin da ke hana ta tashi, wanda a da sai ka sa ƙarfin babban yatsa kafin ya juya, yanzu da ɗan taɓawa yake shigewa. Wanda ya yi aikin ya ce maka ai alamar aiki ya yi kyau kenan. Kana so ka san ko haka ne, kuma ta yaya za ka tabbatar.

To ni dai kafin komai, don Allah kada harsashi ya sake shiga cikin bindigar nan sai ka gama abin da zan faɗa maka. Wannan laushin da aka ce maka alamar kyau ne, a bindiga irin taka shi ne abin da ya fi ɗaga min hankali a cikin duk saƙon. Na yi shekaru ina aikin kula da makamai kafin in ajiye, kuma in aka kawo min Mauser aka ce sefti ya yi tauri ba na damuwa sosai, in aka ce ya yi laushi bayan an taɓa kunama kuwa, nan take nake miƙewa zaune.

Bari ka ji dalili, don in ka gane yadda abin yake aiki kai da kanka za ka ga inda haɗarin yake. A cikin sakatar bindigar, wato wannan ƙarfen da kake ɗagawa ka ja baya, akwai allura da sifirin mai ƙarfi a jikinta. In ka ɗana, sifirin ya matse, abu ɗaya ne tak ke riƙe da allurar kada ta ruga gaba ta daki gindin harsashi, wani ɗan ƙarfe ne da ke tasowa daga ƙasa ya tare ƙeyar allurar, mu a wajen aiki siya muke ce masa. Kunama aikinta kawai ta saki siya ya yi ƙasa. Wurin da siya da ƙeyar suke haɗuwa kuwa ɗan baki ne ƙanƙani, in ka gan shi da idonka sai ka yi mamakin wai a kan wannan ɗan abin rayukan mutane suke rataye.

Shi kuma sefti na Mauser, wancan ɗan fiffiken da ke bayan sakata, tun ƙirar 1898 da Paul Mauser ya fitar a Jamus haka yake: in yana hagu bindiga a shirye take, in ka miƙar da shi sama tana sefti amma sakata na buɗewa, in ka kwantar da shi dama tana sefti kuma sakata a kulle. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, shi wannan fiffiken babu ruwansa da kunama sam, bai ma san tana nan ba. Abin da yake yi shi ne ya shiga gaban ƙeyar allura ya ja ta baya kaɗan, ya ɗauke ta daga kan siya ya riƙe nauyin sifirin ɗin da kansa. Taurin nan da kake ji a yatsanka a da, ai sifirin kake ƙara matsewa, aiki kake yi. To yanzu an saka sabuwar kunama mai nata siya daban, in wannan siyan ya tsayar da ƙeyar a baya fiye da inda na da yake tsayar da ita, ko da kaurin takarda biyu ne, fiffiken zai shige wurinsa salin alin ba tare da ya ɗauki komai ba. Ka ga laushi. Nauyin yana nan kan siya, fiffiken yana tsaye a gaba da ɗan gibi a tsakani.

Yanzu ka ɗauka kana cikin daji, bindiga na sefti, wani reshe ya ja kunama ko yatsanka ya taɓa. Siya ya yi ƙasa, ƙeyar ta zame gaba cikin wancan gibin ta tsaya a jikin fiffike. Ba ta tashi ba, ba ka ji komai ba, ƙila ɗan ƙas wanda iska ma za ta ɗauke. Amma ƙeyar ta riga ta haye kan siya, ta danne shi, ba zai iya dawowa sama ya tare ta ba. Daga wannan lokacin fiffiken kaɗai ke riƙe da allura. Bayan awa ɗaya ka hango gada, ko ka dawo bakin mota za ka sauke harsashi, ka sa yatsa ka juya sefti, bindiga ta tashi, babu wanda ya taɓa kunama. Sefti ɗin ya zama shi ne kunamar.

Na taɓa ganin wannan da idona, ba labari aka ba ni ba. Wani bawan Allah ya kawo tasa bayan wani mai gyara ya saka masa kunama, ya rantse da Allah hannunsa bai je kusa da ita ba amma ta huda masa ƙasan akori-kura, harsashin ya wuce tsakanin ƙafarsa da ta yaron da ke masa aiki. Mutanen wurin duk an ɗauka ƙarya yake don kunya. Na cire komai, na ɗana, na sa sefti, na ja kunama, na cire hannuna gaba ɗaya na nuna musu tafina, sannan na ture fiffiken da ɗan sanda. Ƙas! Wurin ya yi tsit. Mutumin zama ya yi a ƙasa dirshan, ya fi minti biyar yana Innalillahi.

To ga yadda za ka gwada. Fara da sauke bindiga, kuma in na ce saukewa ina nufin ka buɗe sakata, ka fitar da duk abin da ke cikin magazin, wato ma'ajiyar harsasai, ka leƙa ɗakin harsashi, wato ramin da harsashi ke zama kafin ya tashi, da ido sannan ka sa ƙaramin yatsa ka taɓa, harsasan kuma ka kai su wani ɗakin ka rufe, ba aljihunka ba, ba kan tebur ba. Sai inda za ka nuna bakinta, wanda a Legas shi kansa matsala ne, don in bene kake sama mutane ƙasa mutane, bangon bulo na gidajenmu kuma ba ya tare harsashin bindiga irin wannan, ya kan huda ya shiga ɗakin maƙwabci. In za ka iya bari sai ka je gona ya fi, ka nuna ta ga tudun ƙasa. In dole a gida ne, a ƙasan bene, bakin ya kalli babban bokiti cike da yashi. Na san babu komai a ciki, kai ma ka sani, duk da haka a yi hakan. Yara kuma a fitar da su, kar su zo kallo.

Ka ɗana ta. Kafin ka taɓa fiffiken ka ɗora farcenka a ƙeyar allura, daidai inda ta fito daga bayan sakata, sannan ka ɗaga sefti a hankali kana kallo. Dole ka ji ta ja baya a ƙarƙashin farcenka, ɗan kaɗan ne amma ana ji ana gani. In ba ta motsa ba ko kaɗan, ko kuma ka ga ta yi gaba, an gama magana, ba sai ka ci gaba ba. In ta ja baya, madalla, sai ka ja kunama da ƙarfi, ba jan lallashi ba, irin jan da mutum zai yi in ya firgita. Kunnenka na kusa, farcenka na kan ƙeya, bai kamata ta motsa ba. Ka saki kunama ka ji ta koma wurinta da kanta. Ka cire yatsanka daga zoben da ke kewaye da kunama gaba ɗaya. Yanzu ka mayar da fiffiken hagu. Nan ne gwajin yake, duk abin da ya gabata share fage ne. Ƙeyar za ta ɗan sauka gaba ta zauna kan siya ta tsaya cak. In allura ta faɗi, ko sau ɗaya ne cikin sau ashirin, bindigar ba ta da sefti. Ka yi shi fiffiken a miƙe sama, ka yi shi a dama, wani lokaci ka cire sefti a hankali kamar mai gudun kar dabba ta ji, wani lokaci ka buge shi da sauri. Ni ba na yarda da ƙasa da sau ashirin a kowanne, ba don wata doka ta ce haka ba, don na ga wadda ta wuce sau goma lafiya ta faɗi a na sha ɗaya.

Akwai kuma na rabi da rabi wanda yawancin mutane ke mantawa: ka tsayar da fiffiken tsakanin harbi da sefti, bai shiga ba bai fita ba, ka ja kunama, ka saki, sannan ka mayar da shi wajen harbi. Wannan yanayin shi ne yake faruwa a gaske, lokacin da riga ko igiyar rataya ta ɗan ture shi ba ka sani ba.

In ta wuce waɗannan sai ka koma kan kunamar kanta, don sabbin kunamun nan suna zuwa da ƙananan noti na saiti, ɗaya na nauyin ja, ɗaya na yawan kamun siya, ɗaya na inda kunama za ta tsaya bayan ta saki, kuma masu gyara da yawa don su burge mai kaya sai su rage kamun har ya zama kamar gashin ido. Ka cire sefti, ka buga sakata gaba da ƙarfi ka rufe, kamar kana sauri ka sake harbi na biyu, sau goma sha biyar ko ashirin, kowanne ka duba ko tana nan a ɗane. Sannan ka shimfiɗa darduma mai kauri ko tsohuwar taya, bindiga a ɗane babu sefti, bakinta sama nesa da fuskarka, ka daki ƙasa da gindinta daga tsawon kamar taki ɗaya, ba bugun da zai fasa katako ba amma a ji shi. Ka doki gefenta da tafin hannu daidai saitin kunama. Ka sake duka da sefti a kai, kuma bayan kowane bugu ka cire sefti ka gani. Gargadar hanyar gona a bayan mota ta fi wannan bugun, in ba ta jure darduma ba ina za ta jure rami.

Nauyin ja kuma, kada daɗin harbi ya ruɗe ka. Kunama mai tashi da giram ɗari biyu ko uku ta masu gasa ce da ke zaune kan benci, ba ta mai ratsa ciyawa da gumi a hannu ba. Ni a bindigar farauta ba na son ƙasa da fam 3, wato wajen kilo 1.4. In ba ka da ma'auni ga dabara: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ka ɗaure robar ruwa da igiya, ka zuba lita ɗaya, bindiga a tsaye bakinta sama, ka rataya igiyar a tsakiyar kunama ka ɗaga a hankali har robar ta bar ƙasa. In ta tashi da lita ɗaya ta yi sauƙi da yawa. Ka yi ta ƙara ruwa har ka gano inda take tashi, ka maimaita sau biyar, in yau ta tashi a lita ɗaya da rabi anjima a lita ɗaya, wannan rashin tsayawar ma ciwo ne.

Wani abu da nake so ka tambayi mai gyaran: a ina ya yi gwajinsa, in ma ya yi? Da yawa suna gwadawa ƙarfen na waje a kan tebur, komai lafiya, sai su mayar cikin katako su ɗaure noti biyun nan da ke haɗa ƙarfen da katakon su miƙa maka. Alhali gidan sabuwar kunama ya fi na asali faɗi, ita ta Mauser ta asali ɗan siririn ƙarfe ne kawai, saboda haka sai an sassaƙe cikin katakon kafin ta zauna. In ba a sassaƙe da kyau ba katako zai danni gefenta, ko harshen kunamar ya riƙa gogar ramin zoben ƙasa, sai ka ja ta ƙi komawa gaba sosai, siya ya kama rabi. Shi ya sa duk gwajin da na lissafa a bindiga haɗaɗɗiya ake yinsa, noti a ɗaure yadda za ka fita da ita. Kuma a nan garin katako ba ya zama yadda aka bar shi. Wanda aka sassaƙe da rani ya zauna daidai, in ruwan Yuni da Yuli ya sauka ya sha danshi sai ya kumbura ya matse abin da a da bai taɓa ba. Ga iskar gishiri ta bakin ruwa, wanda ke zaune wajen Aja ko Badagiri ya san yadda kwaɗon ƙofa ma ke yin tsatsa cikin 'yan watanni. Don haka ko ta wuce yau, ka sake gwadawa tsakiyar damina, da duk lokacin da aka kwance katakon aka mayar.

Mai kuma, don Allah a bar tsiyaya shi cikin kunama. Mutanenmu in abu ya yi ƙara sai a fesa masa WD-40 ko a ɗiga baƙin mai, shi kuwa in ya kwana biyu ya haɗu da ƙura sai ya zama kamar ƙaro, ya riƙe siya ya hana shi tasowa da sauri. Balle in ka tafi da ita gida Arewa lokacin hunturu ta sha ƙura ga sanyin asuba. Cikin kunama a tsabtace a bushe ya fi, mai kaɗan a jikin sakata ya isa.

Kada ka ɗauka wannan matsalar ta ƙananan masu gyara ce kawai. Remington 700, wadda ta fito a 1962 kuma tana cikin bindigogin farauta da aka fi saya a Amurka, an shafe shekaru ana kai kamfanin kotu kan zargin tana tashi in an cire sefti, kamfanin yana musantawa yana cewa rashin kulawa ne ko taɓa saiti. A 1982 suka canja ƙirar yadda za ka iya buɗe sakata ka sauke harsashi ba tare da ka cire sefti ba. A 2014 kuma su da kansu suka yi kiran a dawo da waɗanda ke ɗauke da kunamar X-Mark Pro da aka ƙera daga 2006 zuwa Afrilun 2014, saboda wani gam da ya yi yawa a ciki yana iya sa ta tashi. Na kawo wannan ne don masu irin ta su sani nasu sefti ɗin a jikin gidan kunama yake, in an canja kunama yawanci an canja sefti kenan gaba ɗaya, to su matsalarsu ta fi zama katako na tare ɗan hannun sefti ya hana shi kaiwa ƙarshe. Ba za su ga ƙeya ta ja baya sosai irin na Mauser ba, amma gwajin ja, saki, cire sefti iri ɗaya ne. Winchester 70 kuwa 'yar uwar taka ce a wannan fannin, sefti a kan sakata mai matsayi uku. Masu ƙaramar .22 ku nemi harsashin roba na gwaji kafin ku yi ta ɗanawa kuna saki babu komai, don a wasunsu allura na dukan bakin ɗakin harsashi ta lotsa shi.

In taka ta faɗi ko da gwaji ɗaya, abin da ba na so ka yi shi ne ka ɗauko zarto ko magagari ka ce bari ka ɗan rage nan. Gyaran yana nan, ana daidaita ƙeyar da fiffiken ne har sefti ya dawo yana ɗaukar nauyi, wani lokaci ma sai an sauya ƙeyar, amma fuskar waɗannan ƙarafan an gasa ta ne ta yi tauri a sama-sama, in ka ci ta ka kai ga ƙarfe mai laushi, yau za ta yi aiki, bayan wata shida bakin ya cinye ya zama zagaye. Kuma kusurwar bakin in ta karkace kaɗan sifirin da kansa zai riƙa tura siya ƙasa. Ban da haka, Dokar Makamai ta 1959 ba ta bar kowa ya buɗe shagon gyaran bindiga ba, sai mai izini daga 'yan sanda, kai da ka sha wahalar lasisi kada ka zubar da shi a hannun mai walda. Ka tambaya a ofishin da ke sabunta maka takardu su nuna maka mai izinin da suka sani.

Shi wanda ya saka maka ɗin, ba na cewa mugu ne, ƙila bindigogin da ya saba da su masu baki biyu ne, a can sefti mai laushi ba laifi ba ne. Amma in ka koma wajensa ka yi gwajin farcen nan a gabansa, in ya ce maka ai ba komai za ta saba, ka karɓi kayarka ka yi masa sallama. Tsohuwar kunamar ina fata ba ka bar masa ba. Ka karɓo ta da fil ɗinta da sifirinta ka ƙulle a leda, don in an rasa mai daidaita sabuwar, a mayar da ta asali a sake gwajin daga farko, nauyinta da jan ƙafarta sun fi min wannan laushin sau dubu.

Kafin nan ka cire sakatar gaba ɗaya ka ajiye ta daban da bindigar, ka ɗaura ɗan ƙyalle ja a zoben kunama don ko wani a gidan ko kai kanka in an kwana biyu kada a manta. In ka yi gwajin ka rubuto min abu biyu kawai, ƙeyar ta ja baya ko ba ta ja ba, kuma a lita nawa ta tashi.